Gishiri, Ruwa da Launi: Tarihin Kanwa, Toka da Katsi a Karkarar Arewacin Kano

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya yi karatun kimiyya a makarantar sakandare zai iya tuna ranar da malami ya ɗora wani gishiri shuɗi a kan wuta, aka ga ya koma farin gari, sa'an nan da aka ɗiga masa ruwa sai shuɗinsa ya dawo. Wannan gishiri shi ne salfet na tagulla, kuma da shi ne ake koya wa yara cewa akwai gishirin da ke riƙe da ruwa a cikin jikinsa, akwai kuma wanda aka raba shi da ruwan nan. Abin da muka lura da shi shi ne, yaron da ya taso a Ɗambatta ko Minjibir ko Dawakin Tofa yakan ɗauki wannan darasi tamkar wani baƙon abu da ba shi da dangi a garinsu, alhali kuwa kakanninsa sun shafe ɗaruruwan shekaru suna ƙona gishiri, suna jiƙa shi, suna duba launinsa domin su san halin da yake ciki.

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi tarihin waɗannan gishiri a karkarar da ke arewa da birnin Kano, watau yankin da jama'a suka yi cunkoso, gonaki suka haɗe da juna. Za mu yi ƙoƙari mu nuna abubuwa biyu. Na farko, yawan jama'a da ƙarancin daji su ne suka tilasta wa masu sana'a tattalin toka da sake ƙona abin da ya kwanta a gindin rijiyar rini. Na biyu, sauyin launin da masu sana'ar nan suka dogara da shi iri-iri ne, kuma wajibi ne malamin tarihi da malamin kimiyya su rarrabe wanda ruwa ke jawowa da wanda iska ko ƙazanta ke jawowa. Idan ba a yi haka ba, to, garin neman kusanto da kimiyya ga ɗalibai sai a koya musu kuskure.

2.0 Ɗaurarren ruwa a ilmin kimiyya

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu daidaita a kan ma'anar kalmomi. A bakin masana kimiyya, gishiri bai tsaya ga na miya kawai ba. Kanwa gishiri ce, alif gishiri ne, haka ma farar ƙasa. Da yawa daga cikinsu idan suka daskare daga cikin ruwa sukan kama wani ƙayyadadden adadi na ƙwayoyin ruwa su shigar da shi cikin ginin jikinsu. Wannan shi muke kira ɗaurarren ruwa a nan. Hannu ba ya jin damshinsa, rana ba ta cika busar da shi ba, amma sikeli yana tona asirinsa. Alal misali, kashi 36 cikin 100 na nauyin shuɗin salfet na tagulla ruwa ne, domin kowace ƙwayar gishirin tana tare da ƙwayoyin ruwa 5. Alif yana ɗauke da ƙwayoyin ruwa 12, watau kusan kashi 45 cikin 100 na nauyinsa. Sodar wanki kuwa tana da 10, abin da ya kai kashi 63 cikin 100.

Fahimtar wannan al'amari ta ɗauki lokaci. A shekarun 1830 Thomas Graham, mutumin Sikotlan, ya lura cewa a irin waɗannan gishiri akwai ƙwayar ruwa guda da ta fi sauran wuyar fita. A 1893 Alfred Werner na Zurik ya kawo bayanin yadda ƙwayoyi ke kewaye zarrar ƙarfe bisa tsari, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1913. A 1929 Hans Bethe ya aza harsashin bayanin yadda maƙwabtan zarrar ƙarfe ke sauya irin hasken da take haɗiyewa. A 1934 kuma Beevers da Lipson suka gano ainihin ginin shuɗin salfet na tagulla, suka nuna cewa ƙwayoyin ruwa 4 ne ke manne da tagullar, ta biyar tana gefe.

Taƙaitaccen bayanin shi ne, tagullar da ruwa ya kewaye tana haɗiye jan haske, saboda haka ido ke ganin shuɗi. Idan aka gasa ta, ƙwayoyi 4 sukan fita kafin zafi ya wuce kimanin digiri 110 a ma'aunin Salshiyas, ta ƙarshe kuwa sai wajen digiri 250. Daga nan hasken da gishirin ke haɗiyewa sai ya koma inda ido ba ya gani, gishirin ya zama fari. Haka kuloraid na kobal yake, ruwan hoda ne idan yana da ruwa, shuɗi idan babu. Salfet na baƙin ƙarfe kuma tsanwa ne da ruwansa, fari-fari idan ya rabu da shi. To amma sodiyam da fotasiyam da kalsiyam da alminiyam ba su da irin wannan hali na haɗiye haske. Gishirinsu ba shi da launi ko da ruwa ko babu. Abin da ido ke gani a wurinsu shi ne, dunƙule mai sheƙi kamar gilashi ya dushe ya koma gari fari fat. Wannan bambanci shi ne ma'aunin da za mu riƙa komawa gare shi a sauran takardar.

3.0 Ƙasar da jama'arta

Yankin da muke magana a kansa ya haɗa da ƙasashen Ungogo, Minjibir, Gezawa, Dawakin Tofa, Bichi, Bagwai, Ɗambatta da Makoɗa. Ƙasa ce mai jigawa, wadda ƙoramu irin su Jakara da Watari da Tomas suka ratsa. Michael Mortimore da J. Wilson, a binciken da suka buga a 1965, sun bayyana kewayen Kano a matsayin yanki na musamman inda yawan jama'a ya wuce mutum 350 a kowane murabba'in mil, inda kuma ake noma fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. Binciken da aka yi daga baya a ƙauyen Tumbau cikin shekarun 1990 ya ƙara nuna yadda manoma ke riƙe ƙarfin ƙasar da takin dabbobi da harawa da shara da toka.

Wannan yanayi yana da muhimmanci ga batunmu. Inda babu daji, itace kaya ne mai tsada. Bishiyoyin da ke gona, irin su ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo, kowace da mai ita. Karan dawa da na gero ana bukatarsu wajen danni da rufi da girki da abincin dabbobi. Toka kuwa, wadda a wani wuri shara ce, a nan masu nemanta sun yi yawa: manomi yana so ya kai gona, mai sabulu tana so ta tace, majemi yana so ya cire gashin fata, marini yana so ya zuba a rijiya, uwargida tana son ruwanta domin miya. Jakunan da ke shigar da itace birni su ne ke fitowa da taki da toka zuwa gonaki. Saboda haka duk sana'ar da ke cin toka da yawa dole ta nemi dabarar tattalinta, ko kuwa ta nemi wani gishiri daga nesa ya taimaka mata.

Ta fuskar hanyoyi kuwa, yankin yana bakin ƙofar fatauci. Hanyar Damagaram da Azbin tana bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura. Hanyar Katsina tana bi ta Bichi. Hanyar Barno tana shigowa ta Gumel da Ringim da Gezawa. Littafin Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Barno zuwa Gwanja a zamanin Sarki Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452), ya kuma ambaci yawaitar gishiri a ƙasar Hausa da zuwan Azbinawa a zamanin Yakubu (1452 zuwa 1463). Ke nan tun ƙarni na 15 gishirin hamada da na Barno suke ratsa waɗannan ƙauyuka.

4.0 Kanwa da danginta

Babu wurin da ake haƙar kanwa a ƙasar Kano. Daga Mangari da Muniyo ake kawo ta, watau kudu maso gabashin Jamhuriyar Nijar ta yau, da kuma gabashin tafkin Cadi, inda ungurnu ke fitowa. Paul Lovejoy, a littafinsa na tarihin gishiri a tsakiyar ƙasashen Sudan wanda ya fito a 1986, ya tattara sunayen da 'yan kasuwa ke rarrabe ta da su: farar kanwa, jar kanwa, gari, ungurnu da gwangwarasa, ban da gishirin ci irin su manda da kantu da beza. Heinrich Barth, wanda ya zauna a Kano a farkon 1851, ya ƙiyasta cewa kayan kanwa da ke ratsa birnin a shekara ba su gaza 20,000 ba, a kan takarkarai da dawaki da jakuna, ya kuma ga yadda Gumel ta zama babbar matattararta. Fataken goro, waɗanda Agalawa da Tokarawa na ƙauyukan Kano ke cikinsu, da kanwa suke tafiya Gwanja su sayar su sayo goro.

Amfaninta ya game ko'ina. Ana ba dabbobi, ana haɗa ta da taba, ana sa ta a wake da kunu da miyar kuɓewa, ana magani da ita. Karin maganar nan da ke cewa kanwa ta kar tsami bayani ne na kimiyya tsantsa, domin aikin kanwa shi ne kashe tsami. Haka ma kirarin da ake yi mata na uwar gami.

Idan muka auna ta da ma'aunin da muka kafa, za mu ga abubuwa uku. Na farko, jigon kanwa wani gishirin sodiyam ne da masana ma'adinai ke kira tarona, mai ƙwayoyin ruwa 2, watau kimanin kashi 16 cikin 100 na nauyinsa. Idan aka gasa shi, ruwan nan yakan fita tare da iskar kabon, abin da ya rage ya zama soda tsantsa wadda ta fi ɗanyar kanwa kaifi. A nan wuta ta yi aiki biyu, ta kori ruwa ta kuma sake gishirin kansa, saboda haka jiƙa shi ba ya mayar da shi yadda yake a da. Na biyu, jan da ke jikin jar kanwa da duhun da ke jikin ungurnu ba su da alaƙa da ɗaurarren ruwa. Daga laka da tsatsa da ragowar ƙananan halittun tafki suke. Ɗan kasuwar da ke sa kuɗin kanwa bisa launinta yana karanta asalin wurin da ta fito ne da irin abin da ke gauraye da ita. Na uku, gwangwarasa, wadda majema ke nema, mafi yawanta salfet na sodiyam ne. Wannan gishiri yana da fuska biyu. Idan ya daskare a ƙasa da digiri 32 yakan kama ƙwayoyin ruwa 10, ya zama dunƙule garai-garai, wanda Turawa suka sani da sunan Glauber tun ƙarni na 17. Idan kuwa zafi ya wuce haka, ko busasshiyar iska ta buge shi, sai ya zama maras ruwa, fari mai gari-gari. Zafin rana da hunturun Mangari su ne tandun da ke yin wannan aiki tun kafin a ɗora kayan a kan jaki.

Alif shi ne misalin da ya fi kusa da darasin makaranta. Tun a ƙarni na 12 al-Idrisi ya ambaci alif ɗin Kawar a cikin kayan da ake fatauci da su zuwa arewacin Afirka. Wanda duk ya taɓa ɗora alif a kan wuta ya ga yadda yake narkewa cikin ruwan jikinsa, ya tafasa, ya kumbura, ya koma fari mai sakwaf-sakwaf. Nauyinsa yakan ragu da kusan rabi. Babu shuɗi ko tsanwa a cikin wannan sauyi, amma shi ne ainihin rabuwar gishiri da ɗaurarren ruwansa.

5.0 Toka, katsi da laso

Rini shi ne sana'ar da ta ɗaukaka sunan Kano a ƙarni na 19. Hugh Clapperton ya ga marinar birnin a 1824. Barth ya ƙiyasta kuɗin tufafin da Kano ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300 a ƙalla. Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya nuna a kundin digirinsa na 1975 cewa mafi yawan wannan aiki a karkara ake yinsa. Manyan cibiyoyin baƙin rini irin su Kura suna kudu da birni, amma arewa ma tana da karofinta, tana kuma da masaƙa, musamman a ƙasar Minjibir, kuma ta nan ne kayan ke bi zuwa hannun Buzaye. Sunan Karofi da wasu garuruwa da unguwanni ke amsawa shaida ce ta yaɗuwar sana'ar, har ya shiga laƙabin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855.

Shuni ba ya narkewa a ruwa. Kafin ya kama zare sai an sami ruwa mai kaifin toka, an bar baba ya ruɓa a ciki na kwanaki, ƙananan halittu sun cinye iskar oksijin da ke ruwan, sun juya shunin zuwa wani kamanni mai narkewa, mai launin rawaya-rawaya. Shi ya sa zane ke fitowa daga rijiya tsanwa-tsanwa, sa'an nan ya koma shuɗi a kan idon mai kallo. Wannan shi ne sauyin launi mafi shahara a ƙasar Hausa, kuma a nan ne malamai suka fi saurin yin kuskure. Bushewar zanen ba ita ce ke kawo shuɗin ba. Iska ce ke kawo shi, domin zanen yakan yi shuɗi tun yana ɗigar ruwa, kuma sake jiƙa shi ba ya mayar da shi tsanwa. Ashe ke nan ba dangin darasin salfet na tagulla ba ne.

Inda ruwa da wuta suke aiki shi ne wajen katsi. Idan rijiya ta mutu, marina sukan kwashe dagwalon da ya kwanta a gindinta, su cura shi, su shanya, su ƙona. Yakan shiga wuta da duhun shuni, ya fito fari-fari ko toka-toka. Duhun yakan tafi ne saboda ragowar baba da shuni sun ƙone. Amma akwai wani abu da ya fi wannan muhimmanci. Tokar itace tana da kabonet na kalsiyam da yawa, watau dangin farar ƙasa, wanda ba ya narkewa, shi ne kuma ke taruwa a gindin rijiya. Wuta mai ƙarfi, wajen digiri 800 zuwa 900, tana juya wani sashe nasa ya zama ƙonanniyar farar ƙasa mai ƙishirwar ruwa. Da ta haɗu da ruwa sai ta sha, ta yi zafi, ta zama wani abu mai kaifi wanda ke ƙara wa ruwan toka ƙarfi. Ta haka marini ke samun aikin toka mai yawa daga toka kaɗan. A ƙasar da ake rububin toka kamar yadda muka bayyana, wannan dabara ita ce ta sa rini ya iya bunƙasa ba tare da ya cinye rabon gona ba.

Katsin nan kuma shi ne jigon laso, watau simintin gargajiya da ake haɗawa da gashin dabbobi daga majema da ruwan dafara. Shea ya nuna cewa laso ne ya ba marina damar barin manyan tukwane su koma haƙa rijiyoyi masu zurfi waɗanda ba sa yoyo, abin da ya rage tsadar rini ya kuma ƙara yawan kayan da ake rinawa a lokaci guda. Ƙarfin laso daga zagayen nan yake fitowa: a ƙona, a jiƙa, a shafe, sa'an nan iska ta mayar da shi dutse sannu a hankali. Sharar sana'a guda ta zama jarin wata, majemi ya ba marini gashi, marini ya ba magini katsi.

6.0 Dukawa da maginan tukwane

A wurin dukawa ne muke samun launin da ya fito daga gishirin ƙarfe kai tsaye. Korino, watau tsanwar fatar nan da ake ƙawata sirdi da layu da kube da ita, ana samunta ne daga garin tagulla ko na farin gaci da aka haɗa da sinadari da abu mai tsami. Yana da kyau mu tuna cewa kalmar sinadari, wadda a yau muke kiran kowane irin haɗin kimiyya da ita, asalinta sunan wani gishiri ne guda da maƙeran fari ke lanƙaya ƙarfe da shi. Tsanwar da ke fitowa ta gishirin tagulla ce, kuma danginta ɗaya da shuɗin da ake gani a ɗakin gwaji, domin duka biyun daga zarrar tagulla da maƙwabtanta suke. Kuloraid na tagulla, alal misali, tsanwa-shuɗi ne idan yana da ƙwayoyin ruwa 2, amma ruwan ƙasa ne idan aka kore su.

Sauran launukan dukawa kowanne da hanyarsa. Kuloko, watau baƙi, daga kashin maƙera yake, inda baƙin ƙarfe ke haɗuwa da dacin bagaruwar da aka jeme fatar da ita. Ja daga karan dafi yake, kuma kanwa ko ruwan toka ke fito da shi. Gangamau rawaya ne, amma yakan juya ja-ja idan kanwa ta taɓa shi. Waɗannan biyun na ƙarshe misalai ne na yadda kaifi da tsami ke sauya launin tsiro, wani babi ne dabam a kimiyya.

Maginan tukwane na Dawakin Tofa su ma suna da nasu darasi. Yumɓu yakan shiga wuta da launin toka ko rawaya-rawaya, ya fito ja. Dalili shi ne, tsatsar da ke cikin yumɓu iri ce mai rawaya wadda ke riƙe da sassan ruwa a jikinta. Daga wajen digiri 300 takan saki ruwan ta koma jar tsatsa. Daga digiri 450 zuwa 600 kuma shi kansa yumɓun yakan saki nasa, daga nan ba ya sake komawa laka har abada. Wannan sauyi na rabuwa da ruwa ne, amma ya bambanta da na salfet na tagulla ta fuska guda, watau ba shi da komowa. Randa tana shekara da shekaru cike da ruwa, jan jikinta bai gushe ba. Tukunyar da ta fito baƙa kuwa hayaƙi da ƙarancin iska ne suka baƙanta ta.

7.0 Abin da ya sake bayan 1903

Sojojin Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, amma abin da ya girgiza waɗannan sana'o'i ya faro tun kafin nan a wata ƙasa. Adolf von Baeyer ya gano ginin shuni a 1883, kamfanin BASF na Jamus kuma ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 kuma noman gyaɗa ya mamaye jigawar arewa, ya ja hankalin manoma da 'yan kasuwa. Jirgin da ke ɗaukar gyaɗa zuwa Ikko shi ne ke dawowa da atamfa da gishirin Turai da garin rini da siminti. Da layin dogo ya kai Nguru a 1930, sai kanwa ma ta sami hanyar da ta fi ta jakuna sauri.

Sakamakon bai zo iri ɗaya ba. Kanwa ta tsira, domin babu abin da ya maye gurbinta a tukunya da wurin dabbobi, har yau kuma ana sayar da ita a kasuwannin ƙauye. Alif ya tsira, sai dai na masana'anta ne, an kuma fi saninsa wajen kwantar da dattin ruwa. Tukwane sun ragu saboda roba da alminiyam, amma ba su ɓace ba. Katsi da laso su ne suka fi shan kashi. Da soda mai ƙuna da hodar haidiro suka samu a kasuwa, sai ya zamana ana iya haɗa ruwan rini cikin ɗan lokaci a cikin garwa ko rabin ganga, ba a bukatar jiran kwanaki, ba a bukatar rijiya. Siminti kuma ya kori laso daga gini. Rijiyoyin karofi da yawa a ƙauyuka sun cike da shara, wasu an yi gini a kansu. Marinar Ƙofar Mata a birni, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ita ce ta fi shahara cikin waɗanda suka rage, kuma ko a can rijiyoyin da ke aiki kaɗan ne daga cikin waɗanda ake gani.

Hasarar da aka yi ta wuce ta sana'a kawai. Marinin da ya san rijiyarsa yakan duba kumfa, ya shinshina, ya ɗanɗana ruwan a harshe, ya san ko toka ta yi kaɗan ko ta yi yawa. Mai ƙona katsi yakan san ya ƙonu daga farinsa da rashin nauyinsa. Irin wannan sani a aikace ake gadonsa, kuma yakan tafi tare da mai shi idan babu wanda ya tsaya a gefensa yana koyo.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya kasa sauyin launin da masu sana'ar karkarar Kano suka sani gida huɗu. Akwai wanda fitar ɗaurarren ruwa ke jawowa, kamar a alif da gwangwarasa, da kuma danginsa na jan tukunya. Akwai wanda iska ke jawowa, kamar a shuni. Akwai wanda kaifi da tsami ke jawowa, kamar a gangamau da karan dafi. Akwai kuma wanda gauraye ne kawai, kamar a jar kanwa. Katsi ya haɗa ƙuna da shan ruwa, shi ya sa ya fi kowanne cancantar nazari.

Shawararmu ga malaman kimiyya ita ce su fara darasin ɗaurarren ruwa da alif, wanda kowane yaro ya sani, a auna shi kafin a gasa da bayan an gasa, sa'an nan a kawo salfet na tagulla domin a nuna abin da ke faruwa idan akwai ƙarfe mai launi a ciki. A kawo rini a matsayin misalin abin da ya yi kama da wannan amma ba shi ba ne. Ga malaman tarihi da na harshe kuwa, aikin da ke gabanmu na gaggawa ne. Ya kamata a zaga ƙasashen Minjibir da Bichi da Ɗambatta da Dawakin Tofa a ƙidaya tsofaffin karofi, a sa su a taswira, a ɗebi lasonsu a kai ɗakin gwaji, a kuma zauna da dattawan da suka yi aiki a cikinsu a rubuta kalmominsu da matakan aikinsu. Sassan tarihi da kimiyya da harsunan Nijeriya na jami'o'inmu suna da ma'aikatan da za su iya wannan aiki idan suka haɗa hannu, kuma dattawan da za a tambaya ba za su daɗe suna jiranmu ba.